Tsanin da ke Gidan Illo

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya nuna mini ranar da ɗiyata za ta tafi neman ilimi.

Zalika, sallama gare ki da gaisuwa mai yawa. Ina fatan motar da ta ɗauke ki daga Ƙonni ta sauke ki Tawa lafiya, kin sami masauki mai tsabta da abokan zama masu tsoron Allah. Allah Ya tsare ki a hanya da inda kika sauka, Ya tsare miki lafiyarki da mutuncinki.

Wannan takarda na cusa ta ƙarƙashin kayanki, kusa da ƙullin yajin da innarki ta daka miki. Kin san halina. In na zaunar da ke don nasiha, kafin in kai ƙarshen zance na ɓige da maganar kayan inji, su boris da giris, ke kuma kina danne dariya. Shi ya sa na rubuta. Ba zan ba ki labarin gida ba, jiya kika baro shi. Wautar da ubanki ya tafka zan ba ki, a kan injin iskar nan da ke juyawa bisa gidanmu. Kina nan aka yi abin, amma akwai wuraren da ban bari kin gani ba, kuma yanzu da za ki koyi aikin lantarki ya kamata ki san su.

Kin tashi kin tarar garinmu ba wuta. Wayoyin suna bin bakin kwalta suna wucewa, mu a nan gefen Bazaga sai dai mu ɗaga kai mu gaishe su. Masu hali sun kafa farantin hasken rana. Ni abin da nake da shi ƙarfe ne da hannu, da shekarun da na yi ina walda a Ƙonni. Kullum da safe in na hau babur, iska ke turo ni tana neman kayar da ni, har wata rana na ce a raina, wannan ƙarfi duk a banza yake wucewa? Wani direba ya nuna mini hoto a wayarsa: duro ne aka tsaga gida biyu daga sama zuwa ƙasa, aka goce ɓangarorin kaɗan, aka ɗaura su jikin bututun da ke tsaye. Ba shi da jela, ba sai an juya masa fuska ba. Ko daga gabas iska ta zo ko daga yamma, cikin duron take faɗawa ta tura shi. Na kalli hoton na ce, in dai wannan ne, ai na yi abin da ya fi shi wuya.

Amma da na haɗa shi, tsoron dariyar mutane ya kama ni. Sai na kafa shi a tsakar gida, can ƙasa, tsakanin katanga da bishiyar bedi, inda mai wucewa ba zai hango ba. Iskar ma ba ta hango shi ba. Ya yi juyi biyu ya tsaya kamar mai tunani, sai kaji ne ke tsoronsa. Cikin mako guda innarki ta fara shanya wanki a kansa, ta ce ai gara ya yi wani amfani. Dariyar da na guda kuwa ta shigo har gida ta same ni. Zalika, kada tsoron a yi miki dariya ya sa ki ɓoye aikinki a lungu. Ki kai shi inda zai yi aiki, masu dariya su yi su gaji.

Wanda ya fi kowa yi mini dariyar shi ne Illo, kuma shi kaɗai nake jure wa. Ke Baba Illo kika sani, maƙwabcin da katanga ɗaya ta raba mu. Ni kuwa na san shi tun ba mu da wando. Rana ɗaya aka yi mana kaciya, bukka ɗaya muka yi jinya, shi ya riƙe mini hannu ranar da aka binne mahaifina. Shi manomi ne, gero da wake, bai san kan ƙarfe ba, amma amalankensa da jakinsa ne suka ɗauko mini kayan daga Ƙonni, bai taɓa cewa ya gaji ba. Shi ne ma ya ce mini, tun da iska bisa take, me ya sa na ajiye abin a ƙasa kamar tukunya?

Na bi maganarsa, har na wuce inda ya nufa. Na ƙera ƙafafu huɗu na ƙarfe, tsayin mutum huɗu, na ɗora duron a can ƙoli. Ƙarƙashin duron na sa wilin keke, na ja bel daga wilin zuwa wani ɗan dinamo mai maganaɗisu da na ciro daga mataccen inji, don duron ba ya gudu da sauri, sai wilin ya ninka masa. Duk wannan kaya yana can sama. A jikin ƙafa ɗaya na liƙa matakai don hawa. Waya ta sauko zuwa batir a ɗaki. Ranar da ƙwan lantarki ya kama bayan magariba, kin tuna ihun da kika yi, innarki kuma ta ce a kashe kada ya ƙare. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Unguwa ta fara kawo wayoyi caji, ana nuna ni a kasuwa, kaina ya fara kumbura ban sani ba.

Bel ɗin nan ba ya son zafi. Bayan kwana uku ko huɗu sai ya saki, dole in hau in ɗaure. Nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya.

Kin san al'adarmu. Duk namijin da zai hau inda zai hango gidan wani, ko mai baibaya ne, ko mai yaɓen rumbu, ko mai saran reshen bedi, sai ya tsaya a ƙasa ya ɗaga murya ya ce mutanen gida su kimtsa, za a hau bisa. Sai ya dakata kaɗan, mata su yi lulluɓi ko su shiga ɗaki, sannan ya taka. Tsakar gida ita ce inda mace ke ajiye mayafi ta sha iska, katanga kuma alkawari ce tsakanin maƙwabta. Na san wannan tun ina ƙarami. Amma sai na ce ai ƙarfena ne, cikin gidana yake, kuma bel nake kallo ba gidan kowa ba. Ina dawowa daga aiki, in na ji ƙarar ta canza, sai kawai in haye kamar biri, ba sallama ba sanarwa.

Ban lura cewa dakan gidan Illo ya koma cikin ɗaki ba. Ban lura cewa Hajo matarsa, dattijuwa mai jikoki, da surukarta suna yini cikin lulluɓi a tsakar gidansu, a tsakiyar zafin bazara, don ba su san sa'ar da kaina zai ɓullo ba. Wata biyu suna zaune a gidansu kamar baƙi. Innarki ta yi mini magana sau biyu, na ce wallahi ban taɓa kallon wajen ba. Ta ce:

"Malam, ko ka rufe ido, su dai suna ganin ka bisa."

Na yi kunnen uwar shegu. Sai wata la'asar Hajo ta cire ɗankwali, surukarta na yi mata kitso a gindin rumbu. Ta ɗaga kai ta gan ni. Ta zabura za ta shiga ɗaki, ta yi tuntuɓe da turmi ta faɗi a gaban jikokinta. Ni ban ma san an yi ba, ina can ina fama da sifana. Daga ranar Illo ya daina amsa gaisuwata. A masallaci, inda muka yi shekaru muna haɗa kafaɗa, ya koma can ƙarshen sahu. Kwana uku bayan haka aka aiko maigari na kira na.

Ɗiyata, aikin da kika zaɓa aikin hawa ne. Za ki hau rufin mutane, za ki shiga ɗakunansu da waya a hannu. Tsarkin zuciyarki ba ya isar wanda ke ƙasa, don shi ba zuciyarki yake gani ba, ke yake gani a kansa. Ki nemi izini ko da kin tabbata ba za ki kalli komai ba.

A zauren maigari na ƙara wata wautar a kan ta farko. Illo ya faɗi ƙararsa a taƙaice, bai ko kalle ni ba. Maimakon in sunkuyar da kai, sai na miƙe da bayani. Na ce ƙasar tawa ce, ƙarfen nawa ne, iskar ta Allah ce. Na ce rabin waɗanda ke zaune a nan da wutata suke kiran 'ya'yansu da ke ci-rani. Ina magana ina jin daɗin bakina, dattawa kuwa suna kallon tabarma. Maigari ya bari na gama. Ya ce duk abin da na faɗa gaskiya ne, amma ba a kansa aka kira ni ba. Ya ba ni daga nan zuwa Juma'a mai zuwa: ko dai a daina leƙa gidan Illo daga kan ƙarfen nan, ko a kwantar da shi ƙasa. In wani ya kawo kuka a kanki, Zalika, ki fara tambayar inda ya ji ciwo. Hujjarki ba za ta gudu ba, tana iya jira.

Na dawo gida ina huci, amma ƙasan hucin tsoro ne. Kuma ba kwantar da injin ne ya fi tsorata ni ba. Na san in ya faɗi ta wannan hanya, ni da Illo mun rabu ke nan har kabari, don ba zan iya kallon katangar nan ban tuna ba, shi ma haka. Sai dabarar 'yan kasuwa ta zo mini. Washegari na ɗauki ƙwai sabo da waya mai tsawo na tafi ƙofar gidansa, na ce zan ja masa wuta kyauta. Ya karɓi ƙwan ya jujjuya shi a hannu, ya mayar mini. Ya ce:

"Isuhu, mutuncin gidana za ka saye da ƙwai guda? Tahi da abinka."

Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Kyautar da aka kai kafin ban haƙuri zagi ce, ko da mai kai ta bai nufa ba. Wannan ki riƙe shi ko a cikin gidan aurenki in Allah Ya kai mu.

Kwana biyu na yi ina saƙa da warwara. Na ce zan kewaye ƙolin da zana, innarki ta tambaye ni ta ina iskar za ta shiga. Na ce to a ƙara wa katanga tsayi, ta ce sai dai in gina wa Illo hasumiya. A nan ne kika zo, kina aji na uku a kwaleji lokacin, kika tsuguna kina zane a ƙasa da tsinke, kika ce Baba duba. Kin tuna amsar da na ba ki? Na ce ki tashi ki taya innarki tankaɗe, wannan ba lissafin da ake koya muku a lakwal ba ne. Na taka zanen da takalmina na wuce. Ban taɓa ba ki haƙuri a kan wannan ba. Yau na ba ki.

Allah Ya sa kin gado taurin kaina. Kika sake zanawa a bayan murfin kwali, kika ba innarki, ita kuma ta ajiye shi kusa da kwanon tuwona. Ina ci ina kallo, har na daina ci. Abin da kika gani shi ne, tun da bututun da duron ke juyawa a kai tsaye yake, me zai hana a ƙara masa tsawo ya sauko har ƙasa? Duron ya zauna can sama wurin iska, wili da bel da dinamo su dawo gindi, inda mutum zai gyara su yana zaune a kan kujera. Irin injin nan mai farfela kamar ta jirgi dole ya ɗauki kayansa a ka. Namu ba dolensa ba ne. Ni na ƙera shi da hannuna, na yi watanni ina kallonsa, ban ga wannan ba, don hawan ya fara yi mini daɗi. Can sama kowa na ganina.

A Tawa za ki haɗu da maza irina, masu gemu da shekaru a kan sana'a, waɗanda za su taka miki zane. Kada ki yi musu rashin kunya, kada kuma ki haƙura. Ki sake zanawa, ki nemi inda suke ajiye kwanon tuwo. In kuma wata rana ke ce babba, wani ƙarami ya ce duba, to ki duba.

Kwana biyu na yi a Ƙonni ina haɗa bututu da gidajen boris biyu da za su riƙe shi a tsakiya. Amalanken wani na nema ya kawo kayan, kuma duk tsawon hanyar ina jin rashin jakin Illo. Ranar Alhamis da hantsi komai ya kammala, saura abu guda: sai an hau an sauko da dinamon, an haɗa bututun da gindin duron. Hawa ɗaya na ƙarshe. Na sa ƙafa a matakin farko yadda na saba, sai na ji ƙafar ta yi nauyi. Na sauke ta. Na wanke hannuna, na sa riga da hula, na zagaya ƙofar Illo.

Sau uku na yi sallama kafin ya fito. Ban kawo komai a hannu ba. Na tsuguna a gabansa, abin da ban taɓa yi ba tun muna yara, na ce na ci amanar katanga, na kunyata Hajo a gidanta, na kuma ƙara da girman kai. Na ce ya roƙar mini ita gafara, shi ma ya yafe. Na gaya masa ina da hawa ɗaya da ya rage, in ya ba da izini in hau, in bai ba da ba in kwantar da ƙarfen yau da hannuna, ba sai Juma'a ba. Da gaske nake, kuma ya san da gaske nake.

Sai ya juya ya shiga zaure, na ce shi ke nan, ya tafi. Can na ji muryarsa, irin wadda yake korar tsuntsaye da ita a gona:

"Mutanen gida, a kimtsa, za a hau bisa!"

Ya fito yana gyara hula, ya ce mini, "To tashi mana, ko sai na ɗauke ka? Wa zai riƙe maka igiya, wanga aiki ba na mutum guda ba ne."

Idona ya cika, ban ɓoye ba. Shi ya riƙe igiya muka sauko da dinamon. Da na gama haɗa bututun na ce ki miƙo mini zarto. Ina saukowa ina yanke matakan da ke samana ɗaya bayan ɗaya, suna faɗowa ƙasa, Illo na tsincewa yana tarawa yana cewa zai yi turakun awaki da su. Da na taka ƙasa, ƙafar ƙarfen ta zama sumul, ko ƙadangare sai ya yi shawara kafin ya hau.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci maigari ya zo da dattawa, gari ya biyo su. Iskar gabanin damina na kaɗawa sosai, duron na juyi can sama, bututun na juyi a gabanmu. Na ce ba ni zan sa bel ba, mai dabarar za ta sa. Na faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. Kika danne bututun da katako ya tsaya, kika ɗora bel a wili, kika saki. Ƙwan da muka rataya a bedi ya kama da rana tsaka. Innarki ta rangaɗa guɗa, sai muka ji wata guɗar ta amsa daga bayan katanga. Ta Hajo ce, ba mai irin muryarta a garin nan. A rayuwata an yaba mini aiki sau da yawa, amma ban taɓa samun lada irin wannan guɗar ba.

Maigari mutum ne mai hangen nesa. Ya ce to boris ɗin da ke can ƙoli fa, shi ba ya shan giris? Na ce yana sha, sau biyu a shekara. Ya ce da me za a hau? Na shiga na fito da dogon tsanin da na ƙera tun a Ƙonni, na saɓa shi a kafaɗa, na wuce ta gaban jama'a na kai shi zauren Illo na jingine. Na ce nan ne gidansa. Duk ranar da hawa ya kama, sai na zo na yi sallama na roƙa, mai tsani ya sanar da gidansa, sannan a hau. Maigari ya yi dariya ya ce shari'a ta ƙare.

Sauran kin sani. Bayan wata guda Illo da bakinsa ya ce in ja waya ɗakin Hajo, idonta ya fara rauni wajen tsintar wake. Mutane sun zo daga Alela da wajen Malbaza sun gani, na ƙera wa wasu, kuma duk wanda ya zo tambayata ta farko ba ta iska ba ce. Ina tambayarsa wane ne maƙwabcinsa, kuma sun yi magana? Injinmu yana nan yana juyi, ya ga damina uku, bai faɗi ba. In na zauna a gindinsa ina ɗaure bel ina shan shayi, nakan ce a raina, wannan dabarar ɗiyata ce, kuma ban damu wa ya ji ni ba.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki ci abinci ko karatu ya yi zafi, kin san ba ki da jiki. Kada ki taɓa waya sai kin tabbatar da hannunki cewa an kashe wuta, ko da malaminku ne ya ce ya kashe. In aiki ya kai ki bisa rufin wani, ki tsaya a ƙasa ki sanar. Za a ce ke mace ce, ba sai kin yi ba. Ki yi, don gidan ba naki ba ne.

Allah Ya buɗa miki ƙwaƙwalwa, Ya haɗa ki da malamai masu haƙuri, Ya kare ki daga sharrin wuta da sharrin mutum. Allah Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya maido mana ke lafiya. Innarki na gaishe ki, tana cewa ba ta yi kuka ba, hayaƙi ne.

Illo ya ce in gaya miki, boris ɗin sama zai nemi giris daidai lokacin hutunku, kuma gwiwata ta fara ƙara. Ya ce bana ke za ki hau. Tsanin yana zaurensa, ya goge shi ya ajiye. In kin zo, ki fara yin sallama.

Mahaifinki,
Isuhu mai walda